Ba A Dashe Sai An Yi Reno: Darasi Daga Filin Ƙwallon Unguwar Gai

A watan Yulin shekarar 2022 na je gida yin Babbar Sallah, na tarar babu zancen da ake yi a majalisun Unguwar Gai sai na Kano Pillars. Damina ta zauna, gero ya fara rufe ƙasa, kuma bisa al'ada a irin wannan lokaci hirar mutanen garinmu ba ta wuce tsadar taki da batun maimai. Amma a wannan shekarar ko teburin mai shayi ka zauna, abin da za ka ji shi ne Masu Gida sun kama hanyar gasar 'yan dagaji. Kowa ya zama likita, kowa da irin maganinsa. Wani ya ce a kori mai horarwa, wani ya ce a rushe shugabannin, mafi yawa kuma suka ce gwamnati ta buɗe bakin aljihu a sayo manyan 'yan wasa, cikin shekara ɗaya a dawo. Ni ma da digirina na uku na tofa albarkacin bakina, kuma abin da na faɗa bai fi nasu ba.

A ƙarshen benci akwai wani malamin firamare da ya girme ni da 'yan shekaru, wanda yaran gari ke kira Koci. Bai sa baki ba har aka watse. Da muka kama hanyar masallaci sai ya ce da ni: "Dokta, wanda ya cinye irinsa da rani, idan damina ta faɗi kasuwa zai nufa, kuma duk abin da aka auna masa shi zai shuka. Gobe da la'asar ka zo fili, ina da abin da zan nuna maka." Abin da ya nuna mini washegari shi ne dalilin wannan rubutu, domin daga baya ya shiga tsakanina da yayana, ya kuma kusa raba mu da gonar da mahaifinmu ya bar mana.

Kafin in kai mai karatu filin, yana da kyau in faɗi matsayin Pillars a zuciyar tsararrakina. Muna firamare aka kafa ta a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North. A rediyo muka fara saninta, tun kafin ƙafarmu ta taka filin wasa na Ƙofar Mata. Mun ga ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya a 2008, sannan ta jera shi sau 3 a 2012 da 2013 da 2014. Mun ga ta fitar da Al Ahly ta Masar a Gasar Zakarun Afirka ta 2009, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauko Kofin Ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Saboda haka faɗuwar 2022 ta zo mana kamar rashi a gida. Allah Ya sa ta dawo a 2023, amma tambayar da faɗuwar ta tayar tana nan: idan manya suka tsufa ko suka tafi, daga ina ƙanana za su fito, kuma wa ke sa musu ido kafin su fito?

Ƙungiyar garinmu ta riga Pillars shiga wannan hali. Akwai wani rukunin samari da suka yi shekaru suna ɗaga sunan gari a gasannin da ake yi bayan kaka a tsakanin garuruwan Kibiya da Rano. Cikin shekara 2 kacal suka watse. Wasu sun tafi Kano tuƙa Adaidaita Sahu, wasu sun yi cin rani Abuja da Legas ba su dawo ba, wasu kuma aure ya ɗora musu nauyin da ba ya barin mutum ya bi ƙwallo da yamma. Da aka waiga baya, babu kowa. Maganin da masu faɗa a ji na ƙungiyar suka saba da shi shi ne haya: idan gasa ta zo a yi karo-karo, a ɗauko 'yan wasa daga birni, a biya musu kuɗin mota da na abinci da ɗan abin sawa a aljihu, su buga su tafi. In an ci kofi a yi kwana 2 ana zagaya gari da babura, yaran gari kuwa aikinsu ɗauko ƙwallo idan ta faɗa gonar wani.

Bayan kakar 2021 Koci ya ce shi ya gama da haya. Ya tara yara 23, 'yan shekara 11 zuwa 14, ya ce da su za a gina ƙungiya, ko da za a yi shekara 5 ba a ga kofi ba. Tara yara ba sabon abu ba ne, kowane lungu na Jihar Kano akwai mai yi. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne littafin da ya ciro daga cikin leda ya miƙo mini a bakin fili ran nan.

Littafi ne mai kaurin bango, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Kowane yaro an ware masa shafi 4. A saman shafin farko akwai ranar haihuwa, kuma ba daga bakin yaron ya karɓe ta ba. Ya bi rajistar shiga makaranta, ya nemi katin rigakafi a gidajen da aka adana, inda babu ko ɗaya kuma ya sa matarsa ta shiga wurin iyaye mata a ƙididdige da Azumi ko Sallah ko shekarar da aka yi wani abu da gari ya sani. Daga nan sai layuka da ake cikewa duk bayan wata 3. Tsawon yaro, wanda yake aunawa a jikin bangon aji da tef ɗin tela. Daƙiƙun da yake ɗauka ya yi gudu daga turken raga zuwa wata kuka da ke gefen fili, da agogon waya. Cikin ƙwallo 10 da zai buga wa alamar da aka zana a bango da ƙafar da ba ta saba ba, nawa ya samu. Kwana nawa ya zo atisaye, kwana nawa aikin gona ko zazzaɓi ya hana shi. Na nawa ya zo a jarrabawar zango. Layi na ƙarshe an rubuta "hali" a kansa, kuma nan ne rubutun ya fi yawa: wanda ke zagi idan an ƙwace masa ƙwallo, wanda ke ɓuya a bayan abokin hamayya don kada a ba shi, wanda ke ɗaga ɗan'uwansa idan ya faɗi.

Na tambaye shi amfanin wannan wahala, tunda kullum yana tare da yaran, ido kuma ba ya ƙarya. Ya yi dariya ya ce: "Dokta, ido ba ya ƙarya, amma yana mantuwa, kuma yana da son kai. Wanda ya burge ka yau shi kake gani. Littafi kuwa yana tuna maka yadda yaro yake bara."

Sai ya nuna mini yara 2 a cikin fili. Ɗaya dogo ne mai faɗin ƙirji, yana ture kowa yana zura ƙwallo, 'yan kallo sai ihu suke yi masa. Ɗayan ƙanƙane ne, riga ta yi masa yawa, da an haɗa kafaɗa da shi sai ƙasa. Wannan na biyun ɗan yayana ne, kuma in faɗi gaskiya kunya ta kama ni da na ga yadda ake watsa shi. Koci ya buɗe shafukansu gefe da gefe. Dogon ya girmi ƙaramin da wata 10 ne kawai, amma ya riga shi balaga. A wata 9 da aka yi ana aunawa tsawonsa bai ƙaru da abin kirki ba, kuma ƙafarsa ta hagu tana nan a 2 cikin 10, domin ƙarfi ya wadatar da shi bai ga dalilin koyo ba. Ƙaramin kuwa ya tashi daga 3 zuwa 6, kuma a layin hali an rubuta cewa kafin ƙwallo ta iso gare shi yakan waiga ya ga inda mutane suke. Koci ya ce: "Duk wanda ya zo daga birni yau, dogon zai ɗauka. Ka ba ni shekara 3."

Da na koma jami'a na yi ɗan karance-karance, sai na tarar abin da malamin firamaren nan ya gano da tef ɗin tela, masana sun daɗe da gano shi a wata ƙasa mai nisa, a wani wasan da yaranmu ba su taɓa gani ba. A Kanada, wasan da ya fi kowane farin jini shi ne hoki na kan ƙanƙara, inda ake sulɓi da takalma masu kaifi ana kora ɗan faifan roba da sanda. A tsakiyar shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Roger Barnsley da abokan aikinsa suka lura cewa a cikin fitattun 'yan wasan, waɗanda aka haifa a watannin farkon shekara sun fi na ƙarshen shekara yawa nesa ba kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana raba yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Janairu, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna rukuni ɗaya. Masu zaɓe sai su ɗauki girman jiki a matsayin baiwa, su ba babban horo mai kyau da wasanni masu yawa, ƙaramin kuma ya karaya ya bari. Idan tazarar watanni na yin wannan ɓarna a ƙasar da ba a wasa da takardar haihuwa, mai karatu ya kwatanta abin da tazarar shekara 3 ko 4 ke yi a inda mai gemu ke aske gemunsa ya shiga cikin 'yan ƙasa da shekara 15.

Wani abin da na koya daga masu wasan ƙanƙarar shi ne yadda suke sake gina ƙungiya. A babbar gasarsu ta Amurka da Kanada, duk shekara ana zaman zaɓen matasa 'yan shekara 18, kuma ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan teburi su ke da babbar damar fara zaɓe. Mafi yawan waɗanda aka zaɓa ba sa shiga babbar ƙungiya nan take. Ana barin su a ƙananan gasanni ko a ƙungiyoyin jami'o'i, ƙungiyar kuma tana da ma'aikata da aikinsu ke nan: su bi yaron inda yake, su kalli wasansa, su rubuta abin da ya ƙaru da abin da ya rage. Magoya baya ma sun san sunayen yaran shekaru kafin su gan su. Ban ce mu kwaso tsarinsu ba, domin a can babbar ƙungiya ba ta faɗawa ƙaramar gasa, haƙuri yana da araha a wurinsu. Ƙungiya irin Pillars ba za ta iya zuba yara zalla ta sha kaye shekara 3 ba. Amma bin yaro a rubuce ba ya buƙatar ƙanƙara. Manoman shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura sun san wannan tun da daɗewa: wurin reno daban, gonar dashe daban, kuma mai reno kullum yana tsugunne a kan irinsa.

Haƙurin kuwa ya yi wa Koci tsada. A kakar 2022 ya ƙi shigar da ƙungiyar gasar manya, ya ce ba zai haɗa ƙashin yara da na magidanta ba. Masu ba da gudummawa suka janye, aka ce ya kashe ƙwallo a gari. A 2023 ya shigar da su wata gasar matasa, aka yi musu ci 6 da nema a wasan farko, kuma ni da ke wurin na ga wasu daga cikin "yaran" da suka ci su sun zo da 'ya'yansu kallo. A ranar wani dattijo ya ce masa ya je ya ci littafinsa. A 2024 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, aka fitar da su a bugun fenariti. Dogon nan yana benci, tsararrakinsa sun kamo shi a tsawo sun wuce shi a dabara, ko da yake Koci bai sallame shi ba, ya mai da shi baya yana koya masa tsaro daga farko. Ɗan yayana kuwa, mai shekara 16 a lokacin, shi ne ke raba ƙwallo a tsakiya, har baƙi na tambayar ɗan wane ne.

Wannan tambaya ce ta jawo mana baƙo. Bayan gasar da 'yan makonni wani mutum ya zo gidan Yaya da mota mai baƙin gilashi, da hotuna a waya yana tsaye da Turawa a wasu filaye. Ya ce yaron nan zinare ne, kuma akwai gwajin da za a yi a Turai. Abin da ake buƙata Naira miliyan 3 na fasfo da biza da tikiti, sannan a yi masa sabuwar takardar haihuwa a mai da shi ɗan shekara 14, wai Turawa sun fi son ƙananan yara. Yaya ba shi da miliyan 3. Abin da yake da shi shi ne rabonsa a gonar gado da ba mu raba ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma ba ta sayuwa sai da yardata. Ya kira ni a waya ya ce in zo gida ranar Asabar.

Na zo, na kuma roƙi Koci ya zo da littafinsa. Muka zauna a zaure mu uku, yaron yana tsugunne a bakin ƙofa. Na ce: "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi da babu wanda ya shafe mu, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Yau saura shekara 2 ya cika. Idan aka mai da shi 14, saura 4 ke nan. Mutumin da ke son kai shi Turai da gaske, me zai sa ya ƙara nisanta shi da ita?" Na ba shi misalin Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar, amma duk da haka sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Daga can ne ya wuce CSKA Moscow da Leicester City. Kuma ba gona aka sayar aka kai shi ba, ƙwallayen da ya ci a gaban jama'a ne suka kai shi.

Yaya ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Kai albashi kake ɗauka, Malam. Ƙarshen wata ya yi, wayarka ta yi ƙara. Ni sai abin da gona ta bayar. Allah Ya buɗe wa ɗana ƙofa, kai kuma ka zo da Turanci ka rufe." Maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Da guminsa a wannan gona aka biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare.

Koci ne ya raba gardamar. Ya buɗe shafin yaron ya ajiye a gaban Yaya, yana bi da yatsa. Ya ce: "Alhaji, babu wanda ya kai ni son yaron nan ya tafi. Amma ga shi a rubuce. A wata 6 da suka wuce ya ƙaru da tsawon yatsa guda, yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ciwon girma ne, hutu yake so. Idan wasa ya wuce minti 60 ƙafarsa mutuwa take yi. Sau 2 a bana ya yi wa alƙalin wasa tsawa. Yaron yana da kyau, amma ɗanye ne. Wanda ya gan shi sau ɗaya ya ce ya nuna, ko dai bai san ƙwallo ba, ko kuma ba yaron yake so ba." Ya ƙara da cewa ranar haihuwar da ke saman shafin ita ce a rajistar makaranta, ita ce kuma za ta hau takardar jarrabawarsa, kuma shi ba zai goge ta da hannunsa ba.

Batun rage shekaru ya fi ƙarfin zauren gidanmu. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Amma babbar tawagarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba. Ban ce shekaru ne kaɗai dalili ba, kuma a cikin yaran akwai irin su Nwankwo Kanu da Victor Osimhen da suka tabbatar da kansu. Sai dai tun 2009 FIFA ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a wannan gasa, kuma kowa ya san yadda gwajin ke zubar da yara a sansanonin horo na Afirka. Wanda aka rage wa shekaru yakan haskaka a cikin ƙannensa, a zaci gaba zai ci, alhali ya riga ya kai iyakarsa. Shi an cuce shi, ƙanen da ya tare wa gurbi ma an cuce shi.

Akwai kuma asarar kuɗi da rashin rubutu ke jawowa, wadda yawancin masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa ba su sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru 4 na farko, wato 12 zuwa 15, suna da kashi 1 cikin 100. Ke nan idan aka sayar da ɗan wasa Yuro miliyan 1, ƙungiyar da ta riƙe shi a waɗannan shekaru tana da Yuro 10,000, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki haƙƙinta na nan. Amma sai idan ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, kuma sunan yaron ya shiga kundin hukuma a ƙarƙashinta. Ba don Allah kaɗai makarantar Génération Foot ta Senegal ta reni Sadio Mane, ɗan ƙauyen Bambali, har ta miƙa shi ga Metz ta Faransa ba. Haka makarantar Right to Dream ta Ghana da ta ɗauko Mohammed Kudus daga Nima, unguwar da Hausa ke yawo a titunanta a birnin Accra. Sun rena, sun rubuta, sun kuma ci moriya. Mu kuwa mu ne ke sayen ƙwallo da maganin targaɗe, ranar rabo a nemi sunanmu a rasa.

Ban sa hannu a cinikin gonar ba. Baƙon ya yi ta kiran Yaya na 'yan kwanaki, da ya ji babu kuɗi sai ya ɗauke ƙafa. Ba zan ce labarin ya ƙare da daɗi ba. Yaya ya yi wata 4 ba ya kirana, sai dai in kira mu gaisa a taƙaice. Yaron da a da yake rugowa ya karɓi jakata, ya koma gaishe ni daga nesa. Ran da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne: "Baffa, duk waɗanda muke karawa da su sun rage. Ni kaɗai zan tafi da shekaruna na gaskiya?" Ban sami amsar da za ta gamsar da ɗan shekara 16 ba. Na ce masa dai ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ko a raina na san akwai waɗanda suka shiga ramin suka fita da motoci. Yana yiwuwa ya riƙe gaskiya kuma ƙwallon ba ta karɓe shi ba, domin a cikin yara 23 na Koci, idan mutum ɗaya ya ci abinci da ƙwallo an yi sa'a. Shi ya sa layin jarrabawa ke cikin littafin, kuma shi ya sa duk wanda ya faɗi zango Koci ke ajiye shi a benci komai iyawarsa.

Littafin nan ya sa na dubi nawa aikin. Ɗalibi yakan yi shekara 4 a sashenmu, abin da na sani game da shi bai wuce lambarsa da makinsa ba. Wanda ya zo da Turanci mai santsi daga makarantar kuɗi shi ke ɗaukar idona a shekarar farko, kamar yadda dogon nan ya ɗauki idon 'yan kallo. Wanda ya fito daga makarantar ƙauye yana in'ina, ban taɓa ajiye takardarsa ta farko in gwada da ta ƙarshe in ga tazarar da ya ci ba. Yanzu na fara, kuma abin da nake gani yana ba ni kunyar shekarun da suka wuce.

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma babu wadda ba ta da irin Koci. Abin da suke buƙata bai kai kuɗin sayen ɗan wasa ɗaya ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta sauƙaƙa wa ƙungiyoyin karkara rajista, ta kai musu ita har Rano da Kibiya maimakon a ce sai sun zo birni. A ɗaure shekarun kowane yaro da rajistar makarantarsa tun yana ɗan 12, lokacin da babu wanda ya fara tunanin ragi. Pillars ta ware mutum 2 ko 3 da aikinsu shi ne zagaya filayen karkara, su ga yaro sau 3 ko 4 a shekara, su karanta littafin mai horar da shi kafin su yanke hukunci. Gasar Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala tana tara matasa daga jihohi, amma gasa ta 'yan kwanaki ce, reno kuwa aikin shekaru ne. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na je gida a ƙarshen watan jiya, na tarar littafin ya cika, bangonsa ya fara rabuwa. Koci ya ce shekarun ritayarsa sun matso, kuma abin da ke damunsa shi ne wanda zai riƙe alƙalamin bayansa. Na ɗauki hoton kowane shafi da wayata, na sayo masa sababbin littattafai 2 a Rano. A shafin farko na sabon ya riga ya rubuta sunayen wasu yara 9 'yan aji biyar. Wanda ya ɗora wa aikin auna tsawonsu a jikin bango kuwa ɗan yayana ne. Na tsaya daga nesa ina kallonsa yana danna kan wani ɗan ƙaramin yaro da ke ɗage dunduniya don ya ƙara tsawo, yana ce masa: "Sauke ƙafarka, abin da kake da shi za a rubuta."

Gonar tana nan, bana dawa da gyaɗa Yaya ya zuba mata. Yaron kuma zai zauna jarrabawar gama sakandare da shekarunsa na haihuwa. Allah Ya raya mana su, Ya ba masu reno haƙuri da lada.